Ranar da Na Tsallake Inna a Layin Zaɓe

Zaɓen kansila na baya-bayan nan da aka yi a Jibiya a zaune na yi shi. Wata yarinya da na taɓa koya wa lissafi a aji biyu ce ke riƙe da rajista. Tana hango ni ta taso da kujera, ta karɓi katina, ta dubi hoton ta dubi fuskata, ta ce wai a hoton na fi faɗa. Na dangwala, na jefa, na kama hanyar gida tun rana ba ta yi zafi ba. Ba wanda ya dafa kafaɗata, ba wanda ya ɗaga murya ya kira sunana. Ina tafe ina mita ni kaɗai, wai zaɓen yanzu ba shi da armashi, sai na tuna abin da na dā ya ja mini, na kama bakina.

Na ga zaɓen ƙaramar hukuma iri-iri a garin nan. Ina yarinya, mu mata ba mu ma san ana yi ba. Dattawa ke zama a ƙofar gidan mai gari su tsai da mutum, labari ya shigo cikin gida tare da cefane. Daga baya aka kawo akwati, aka ce mata ma su fito. Sai aka yanke mana ƙaramar hukumarmu daga Katsina, sakatariya ta zo kusa, kansila ya zama mutumin da za ka tare a bakin kasuwa ka tsare shi da maganar rijiyar unguwa har sai ya yi rantsuwa. An yi shekarun da babu zaɓen sam, sai dai a ji a rediyo an naɗa kantoma. An kuma yi irin wanda sakamakonsa ke riga akwati isa sakatariya. Duk na gani, wasu ma da ni aka yi, don a zamaninmu malaman firamare ake ɗiba aikin zaɓe, ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar alli. Amma wanda ya zauna mini a rai shi ne zaɓen bin layi.

Wanda bai riski bin layi ba, ga yadda ake yi. Babu akwati, babu takardar dangwalawa. A manna hoton kowane ɗan takara a jikin itace. Da safe a tantance masu kati, in hantsi ya dubi ludayi kowa ya je ya tsaya bayan hoton wanda yake so, maza layinsu daban, mata daban. Malamin zaɓe ya bi layi yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi, wakilan 'yan takara na biye da shi suna maimaitawa. Ba wurin ɓuya. Wanda ka ci tuwo a gidansa jiya, yau da idonsa zai ga inda ka tsaya.

A wannan karon ba jam'iyya, kowa gashin kansa yake ci, kuma mutum biyu ne suka fito a mazaɓarmu. Ɗaya kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, dillalin hatsi a kasuwar Lahadi. Ɗayan tsohon direban babbar mota ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Maraɗi, maƙwabcin gidan mijina. Gidan da aka haife ni suna bayan kawu, gidan da nake aure suna bayan direba, ni kuma aka ba ni ƙirgar layin mata. Tun ana saura mako biyu samarin kawu suka fara baza magana a gari, wai direba zai kwaso mutanen ƙetare a motarsa ya cika layi da su. A wurinmu wannan magana ba ta wasa ba ce, don kusan kowane gida in ka tona za ka tarar ƙafarsa ɗaya tana can.

Ƙafar gidanmu da ke can ita ce Inna, uwar mijina. A wani ƙauye bayan iyaka aka haife ta, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba. Aka kawo ta Jibiya tana amarya tun ba a haife ni ba. A nan ta haifi bakwai, ta binne uku, ta binne mijinta. Daddawa take yi, irin wadda in ta buɗe kwando sai lungu ya sani. Harshenta dai bai taɓa baro can ba, makaranta lakwal ce a bakinta, malami kuwa mushe. Katin zaɓenta a cikin kwalla yake zaune, tare da 'yan kunnenta na aure da takardar asibitin marigayi. Tunda aka bar mata su fito ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Ba ruwanta da abin da kansila zai yi ko ba zai yi ba. Takan ce ita dai in ana ƙidayar mutanen garin ga, a ƙidaya da ita. Direba kuwa shi ya ɗauki mijinta zuwa asibitin Katsina a ciwonsa na ƙarshe, don haka ba sai an tambaye ta layin da za ta bi ba.

Shekarata huɗu a gidan a lokacin, kuma ni ce surukar da ake ba da misali da ita a unguwa, ina kuwa jin daɗin hakan har cikin raina. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ban taɓa wuce ta a tsaye da takalmi a ƙafata ba. Sunanta kuwa, ko a mafarki. Akwai wata yarinya a ajina mai irin sunan, in na zo kanta a kiran suna sai in ce mai sunan Inna, yara su kwashe da dariya, ita kuma ta amsa. In ina da magana da Inna, sai in faɗa wa maƙwabciya ko in faɗa wa ɗanta, ta zagayo ta same ta, alhali tsakanin ɗakina da nata taku goma ne.

Ranar zaɓe Asabar ce. A filin makarantarmu aka yi, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, hedimastanmu ne shugaban rumfa. Shi ya tantance katuna da safe, ni aikina ƙirga kawai. Na fara da layin kawu, na gama lafiya, wakilai suka yarda. Na koma layin direba. Ina dafawa ina kira, wakilin direba, wani mai facin taya, yana biye da ni yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. Tun ina wajen arba'in na hango ɗankwalin Inna mai ruwan ƙasa. Duk shirin da na yi na wannan aiki, ban taɓa kawo wa raina cewa sai na ɗora hannuna a kafaɗar Inna na kira mata lamba a gaban jama'a ba.

Ta arba'in da shida mai fura ce. Na dafa ta na kira. Hannuna yana sama, sai kawai na ji gwiwoyina sun lanƙwashe. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da tsayuwa." Na raɓa ta gefe a sunkuye, na miƙe, na dafa matar da ke bayanta na ce, "Arba'in da bakwai."

Har gobe ina rantsuwa ban yi shawara da zuciyata ba. Abin da jikina ya saba yi safe da yamma shekara huɗu, shi ya yi.

Mai faci ya daka tsawa. "An tsallake ɗaya! Malama ta tsallake ɗaya!"

Da a nan abin ya tsaya, da kuskuren ƙirga ne, a sake a wuce. Amma wani saurayi cikin yaran kawu ya yi tsalle ya ɗaga hularsa sama. Shi a ganinsa da gangan na yi, kuma taimakonsu na yi.

"Allah shi biya ki, Malama!" in ji shi, yadda har layin maza sai da suka juyo. "Kun gani ko? Uwar mijinta ma ba ta ƙirga ba! Ita ta san gaskiya, 'yar ƙetare ce, 'yar Faransa!"

Wasu suka yi shewa, wasu suka yi salati. Ni ce kaɗai ke da amsa a filin nan, kuma amsar gajera ce. In ce ƙarya kake, kunya ce ta sa, wannan uwata ce, ta riga uwarka zama garin nan. Bakina ya ƙi buɗewa. Yaya zan yi maganar Inna, a gaban Inna, da murya sama? Na sadda kai ina kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Hedimasta ya zo ya karɓi ƙirgar, ya bi layin yana nunawa da biro, lamba ta daidaita, wakilai suka sa hannu. Direba ya ci rumfarmu, ya ci mazaɓar da rata mai yawa. A takarda, ƙuri'ar da na tsallake ba ta canza komai ba.

Inna ta kama hanyar gida ita kaɗai. Da yamma na kai mata tuwo na ajiye a bakin ƙofa yadda na saba, da safe na tarar da shi yadda na ajiye. Ranar kasuwa ce, motocin ƙetare sun cika tasha. Ta ɗaure kayanta, ta ɗauki kwallarta, ta ce wa ɗanta za ta je ta duba ƙanenta. Bayan ta fita na je ɗiban ruwa, sai ga katin zaɓenta a kan murfin randata, ta danne shi da moɗa.

Maigidana ba mai hayaniya ba ne, makanikin injin ban ruwa ne, ya saba da sauraro kafin ya taɓa abu. Ya bi ta sau biyu, sau biyu yana dawowa shi kaɗai. Dawowarsa ta biyu ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta.

"Na san ba da gayya kika yi ba," ya ce. "Amma uwata ta bar gidan da ta gina da hannunta. In ba ta dawo ba, ban san yadda zan ci gaba da cin tuwonki a cikinsa ba."

Na gane aurena yana can bayan iyaka tare da kwallar Inna. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne tunanin tsohuwa ta ƙare kwananta nesa da jikokinta da kabarin mijinta, kuma a ce ni na kore ta.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Matan layin direba, in na gaishe su a hanyar makaranta, sai su amsa wa iska. Na layin kawu su suka fi ƙona mini rai, don su yabo suke yi. Wata har gida ta biyo ni tana cewa ai na burge, aiki aiki ne, ba sani ba sabo. Na ji kamar in watsa mata ruwan wanke-wanke, amma na ce mata ta gai da gida. Kawu, Allah ya jiƙansa, da ya ji abin da yaronsa ya faɗa ya ci masa mutunci a gaban rumfar hatsi, ya kuma ɗauki ƙafa ya je har ƙauyen ya ba da haƙuri. Inna ta karɓe shi da fura, ta ce ba komai, ba ta biyo shi ba.

Ni kuma na yi abin da na iya. Na aika maƙwabciya da goro da sabulu. Ta dawo ta ce Inna ta ce ta ji. Na aika ƙanwar maigidana da turmin atamfa. Ta dawo ta ce Inna ta ce an gode. Mako uku ina aike, kullum katin nan yana kallona daga inda na sa shi a kan taga. Wata safiya ina shara na tsaya na dube shi, hoton ya dushe har ba a gane fuska sosai, sai na ga wautata ƙiri-ƙiri. Aike ne ya kai ni inda nake, ga shi kuma da aike nake son fita.

Asabar ta zagayo ba makaranta. Na goya ɗiyata, na ƙulle katin a bakin zane, na hau kabu-kabu. Muka bi ta Magama, muka wuce layin motocin hatsi da masu jarkokin mai. A shingen duwan, wato kwastan na can, wani jandarma ya tambayi inda za ni, na ce wurin uwar mijina, ya dubi goyona ya ɗaga mana hannu. Ban taɓa zuwa ƙauyen ba. Ina ta zuba ido in ga inda ƙasa za ta canza, ban gani ba. Karan gero iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, matan da muka wuce a bakin rijiya da irin gaisuwarmu suka gaishe mu.

Matar ƙanen Inna ce ta tare ni a zaure. Da ta ji ko ni wace ce, sai ta juya ta ƙwala kira cikin gida.

"'Yar Ingila! Taho, kin yi baƙi daga garinku!"

Ba da mugunta ta faɗa ba, da alama haka suke kiranta tun ranar da aka kai ta aure. Amma ni sai na ji kamar an mare ni. A can an ce mata 'yar Faransa, a nan kuma 'yar Ingila.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Na tuɓe takalmi na durƙusa nesa kaɗan, muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har akuyar gida. Da gaisuwa ta ƙare sai na kwance bakin zanena na ajiye katin a kan tabarma. Sa'an nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na dube ta. Ashe tana da wani ɗan tabo a gefen gira, shekara huɗu ban sani ba.

"Inna," na ce, "wallahi kunya ce. Ba abin da yaron nan ya faɗa ba ne."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Na sani."

"Kin sani, Inna?" na ce.

"Ke kina tsammani ban sani ba? Tun kina nesa nike kallonki. Na ce ma raina, ɗiyar ga ba ta iyawa. Ni ma na zauna da uwar miji, na san abin. Da kinka tsallake ni, dariya ma ta so kama ni."

"To Inna, me ya sa..."

"Shirunki." Ta ajiye gyaɗar. "Yaron da anka haifa gabana ya buɗe baki ya ce ni ba ɗiyar gari ba ce. Gaban matan da munka yi wankan jego tare, munka yi wankan gawa tare. Na ce bari in ji mi ɗiyata za ta ce. Na jira. Ke kinka tsare kunyarki, ni kinka bar ni tsaye cikin rana. Nan su ce ta Ingila, can ku ce ta Faransa. To ni ina ag garina?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ba kukan neman tausayi ba, kukan wanda aka gaya wa gaskiyar da ba shi da ta cewa a kanta. Duk shekarun nan ina ɗauka ita nake girmamawa, ashe rabin abin sunana na surukar kirki nake gyarawa. Cikin kukan na yi mata alkawari, na ce in Allah ya kai mu wani zaɓen, zan dafa ta in ƙirga ta da muryar da sai an ji har garin Daddara.

"Daddara da nisa," in ji ta. Ta miƙo hannu. "Kwanto mani jikata, kin bar ta tana shan rana."

Ta ɗora yarinyar a cinya tana yi mata wasa. Can ta ɗauki katin ta juya shi gaba da baya, ta soke shi a ɗankwali. Ta ce in shiga ɗaki in ɗauko kwallarta.

Tana da ikon ta bar ni in yi ta zarya wata da watanni, kuma ba mai ganin laifinta. Tana da ikon ta dawo ta riƙa jefa mini maganar duk ranar da miya ta yi gishiri. Ba ta yi ko ɗaya ba. Kafin la'asar muna gida. Ɗanta ya taso da sauri zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Ni da ita mun gama, kai kuma ba da kai anka yi ba." Aurena da na ƙara shekaru masu yawa a cikinsa, da 'ya'yan da na haifa bayan nan, duk daga wannan kalma tata suka fito. Na gode mata a ranar, ina kuma gode mata har yau.

Sai dai alkawarina ya ƙi samun wurin cika. Direba ya yi zamaninsa, ya samo mana famfon burtsatse ɗaya da kwalbatin da ruwan farko ya tafi da rabinsa. Da wani zaɓen ya zo, aka ce an daina bin layi, an koma akwati. Mutane suka yi murna, don bin layi ya raba zumunci da yawa a garin nan. Ni kaɗai na ji ba daɗi. Inna kuwa ta samu abin tsokana. Ta leƙo ɗakina ta ce, "Malama, gwamnati ta cece ki."

Aka sake ɗiban mu aiki, filin makarantarmu, hedimasta ɗaya. Tsarin wannan karon shi ne mata su miƙa katunansu da safe a tara a kan tebur. Malamin zaɓe ya ɗauki kati ya kira sunan da ke jiki, mai shi ta amsa ta fito, a duba rajista, a shafa mata tawada a yatsa, a ba ta takarda. Hedimasta, mutumin kirki, ya ce shi zai yi kira, ni in riƙe tawada. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ni zan kira. Ya dube ni ta saman tabarau, ya turo mini tarin katunan.

Na kira ashirin da wani abu, ina sane da cewa katin Inna yana tafe. Sai ga shi a hannuna, da ɗan lanƙwasar da ya yi a ɗankwali. Hedimasta ya gane shi, ya miƙo hannu a hankali.

"Kawo wannan, Malama. Ba laifi ba ne."

Na riƙe abina. Matan da ke zaune a inuwa sun lura kira ya tsaya, hira ta mutu. Duk sun san katin wa ke hannuna, garin ba shi da girman da za a manta. Saurayin nan mai ɗaga hula ma yana tsaye gefen tebur, ya sake samun aikin wakili. Dafa kafaɗa da na yi alkawari wasa ne a kan wannan.

Na miƙe tsaye. Na kira sunan Inna, cikakke, da na mahaifinta, da muryar da nake kiran yara in sun tsere bayan aji. Muryar ta fashe a tsakiya, na sake kira daga farko. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu," wata ta rufe baki da mayafi.

"Na'am," in ji Inna daga can ƙarshen inuwa.

Ba ta yi sauri ba. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta taho tana gaisawa da mata dama da hagu, wannan ta tambaye ta jiki, waccan ta tambaye ta yara, sai ka ce ita ce 'yar takarar. Da ta zo daidai saurayin nan ta tsaya ta tambaye shi lafiyar uwarsa, ya durƙusa har ƙasa ya amsa. Ta iso tebur ta miƙa wa hedimasta babban yatsa. Yana shafa tawada ta sunkuyo wajen kunnena.

"Marar kunya," ta ce a hankali. Ta karɓi takardarta, ta ƙara da cewa, "Allah shi yi maki albarka."

Na ɗauki kati na gaba, ban ga rubutun ba sai da na goge idona da bakin mayafi.

Inna ta ƙara ganin zaɓe da dama bayan wannan. Ta ga kawu ya sake fitowa ya ci, har ta ce a gaya masa kwalbatin nan na jiransa. Ta yi mita shekarun kantoma, ta ce an ajiye mata kati yana cin tsatsa. Na ƙarshe da ta yi, ni na riƙe mata hannu har bakin akwati, don ido ya tafi. Da damina ta rasu, a ɗakinta, aka kai ta maƙabartar da mijinta yake. Sunan nan ban ƙara faɗarsa ba tun daga ranar, ko a takardar nan ma hannuna ya ƙi rubuta shi. Rana ɗaya na kira shi a rayuwata, amma duk wanda ke filin makarantar ya ji, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya sake tambayar ko ita 'yar ina ce.